Ram Huɗu da Kaset ɗin Malam Hashimu

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa a koya muku haɗa kwamfuta cikin sati biyu, ba ku yi ƙarya ba, ana iya koyon haɗin a sati biyu. A ɗaura bod a cikin akwati, a ɗora furosesa a shafa masa mai, a danna ram har ka ji ƙas, a jona wayoyi. Duk wanda ya iya ɗaure noti zai iya wannan. Amma sana'ar ba a nan take ba. Tana farawa ne ranar da ka haɗa komai daidai, injin ya tashi, mai shi ya yi godiya ya ɗauka, bayan kwana uku ya dawo ya ce maka, "Tana mutuwa da kanta." Ka ce yaushe take mutuwar, ya ce, "Lokacin da ta ga dama."

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Shekara bakwai na yi a Babura, a rumfar Baba Tanko mai rediyo. Ranar kasuwa har daga Nijar ake kawo masa aiki, rediyo a naɗe cikin zane, mutum ya ajiye ya tafi cinikinsa, kafin la'asar ya dawo ya tarar tana magana. Kayan aikinsa ba su da yawa: ayan ɗin narka dalma da ake ɗorawa a garwashi, dalma, sukundireba uku, tsohon buroshin haƙori, da wata mitar auna wuta mai allura da ya fi kula da ita fiye da hularsa. Abu biyu ne ba ya yafewa. Idan na ce, "Baba, ina jin wannan ne ya lalace," sai ya ce, "Lawandi, ajiye jin naka. Me mita ta ce?" Idan kuwa na canza abu biyu a lokaci ɗaya rediyo ta tashi, ba zai yaba mini ba. Sai ya sa na mayar da su duka, in sake canzawa ɗaya bayan ɗaya, har in san wanne ne mai laifin.

Daga nan na dawo Kazaure na yi kwas na kwamfuta, na buɗe shago a Kanti. Na samu jama'a, ma'aikatan ƙaramar hukuma da malaman makaranta da masu hoto. Sai ga wata shekara da ba na mantawa. Wata rana da hantsi aka kawo wuta da ƙarfin da ya wuce misali, ina tsaye ina jin abubuwa suna tas-tas, hayaƙi ya cika shago. Duk injinan mutane da ke jone sun ƙone, har da na wani ofishi da takardunsu na shekaru ke ciki. Ba a tsaya tambayar daga ina wutar ta zo ba, abin da gari ya ɗauka shi ne a shagon Lawandi ake ƙona kaya. Na yi watanni ina buɗe shago in share in zauna. Tun daga lokacin, duk injin da ya yi tari, wutar gari nake fara tuhuma. Ku riƙe wannan, don shi ya ɓatar da ni a aikin da zan ba ku labari.

Jama'a sun fara dawowa kenan, cikin bazara, wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar shago. Wani dattijo ya fito da farar riga da tabarau, direba yana sauke kwalaye. Ya ce sunansa Malam Hashimu, tsohon hedimasta ne daga Roni. 'Yarsa da ke aiki a Legas ce ta aiko masa da kayan kwamfuta sababbi fil, guntu-guntu, ta ce ya nemi wanda zai haɗa.

Na buɗe kwalayen na ga kaya masu kyau, irin waɗanda sai a hoto nake gani. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan injin ai ya fi ƙarfin buga takarda. Wane aiki za a yi da shi?"

Ya zauna a benci ya yi mini bayani. Duk garin da aka kai shi koyarwa a ƙasar Roni da Gwiwa da Yankwashi, yakan bi tsofaffi da rikodarsa ya ɗauki maganarsu. Maƙera, masaƙa, majema, masu haƙar rijiya, tsofaffin mata masu waƙar niƙa, da waɗanda suka san yadda aka kafa garuruwa. Daga baya ya samu na'urar bidiyo ya ɗauki wasu. Ya tara akwatin ƙarfe guda cike da kaset. Kusan duk masu maganar sun rasu, kaset ɗin kuma sun fara manne wa juna saboda zafi da daɗewa.

"Wasu, Injiniya," ya ce, "idan na saka su sau ɗaya, ban da tabbacin za su jure na biyu. So nake in kwashe su cikin injin nan kafin su riga ni tafiya."

Kwana ɗaya na yi ina haɗin, kuma na yi shi da tsabta. Ram huɗu ne a cikin kayan, kowanne da jar rigar ƙarfe. Ram, ga wanda bai sani ba, shi ne inda injin yake baza aikin da yake yi a yanzu kafin ya adana shi. A jikin kwalinsu an rubuta gudunsu da manyan baƙaƙe. Da na kunna na ga bod ɗin ya ajiye su a gudun da bai kai wancan ba, sai na shiga bayos, wato shafin saiti da ake shiga kafin injin ya gama tashi, na ɗaga gudun ya kai na jikin kwali. Sauran saitin na bar su yadda na same su, bod ya zaɓa da kansa. Na gwada na rabin awa, lafiya ƙalau. Washegari na kai Roni, na jera a ɗakin karatunsa da ke kusa da zaure, na nuna masa yadda zai jona rikoda da inda zai danna.

Kwana huɗu sai ga shi a shago da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ya ja layi da rula, ya raba shafi gida-gida. Kowace mutuwa da injin ya yi tana nan a rubuce: ranar, ƙarfe nawa, wane kaset ne a ciki, minti nawa aka yi kafin ya tsaya, da wutar gari ce ko janareto. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk lokacin da allo ya koma shuɗi da fararen rubutu, sai ya zauna ya kwafe rubutun harafi bayan harafi, har da dogayen lambobin da ke ƙasa. Na daɗe a sana'ar nan, ban sake ganin mai kaya irinsa ba. Da ina da natsuwar karanta littafin nan yadda ya rubuta shi, da a ranar na gane. Lambobin ba sa maimaita kansu, yau wannan, gobe wancan, kuma mutuwar ta fi yawa bayan azahar, da wutar gari da janareto duk ɗaya. Amma ni na riga na yanke hukunci tun kafin ya buɗe shafin farko.

"Wuta ce, Malam," na ce masa.

Na kai sitabilaiza na jona, injin ya mutu. Na cire fawa fak ɗin, wato akwatin da ke raba wuta a cikin injin, na saka wani, ya yi kwana biyu ya mutu. Na goge komai na sake loda masa manhaja daga farko. Wannan karon na zauna a gabansa awa ɗaya cur yana aiki, bai yi ko gezau ba.

"Ka tabbata, Injiniya?" Malam Hashimu ya tambaye ni. "Don akwai wanda nake jin tsoron sakawa."

Na ce, "Na tabbata."

Ya buɗe akwati ya ɗauko wani kaset da rubutun jikinsa ya koɗe. Wani tsohon maƙeri ne na wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, yana bayanin yadda suke haƙo tama a dutse su narka ta su fitar da ƙarfe, aikin da babu mai yinsa yanzu. Muka zauna muna saurare. Tsohon yana cikin bayanin yadda ake gina murhun, allo ya koma shuɗi. Duk abin da aka ɗauka ya tafi. Malam ya danna a mayar da kaset baya don a sake, sai muka ji ƙarar da duk mai rikoda ya sani. Zaren ya naɗe a ciki, ya tattaune, ya tsinke. Ya zare shi a hankali da bakin fensir, ya yanke inda ya lalace ya liƙe sauran. Abin da aka yanke ya kai kamu biyar, kuma wurin ginin murhun ne.

Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da kaset ɗin gidansa, ya rufe akwati, ya ce, "Injiniya, ɗauki injin ka tafi da shi. Ba zan ƙara saka kaset ba sai ranar da ka zo ka ce mini ka san ciwon. Ba zato ba, sani."

A shago na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Akwai faifan gwajin ram, wanda yake cika shi da lambobi ya sake karantawa, in an samu kuskure ya nuna jan layi. Na saka ram ɗaya na gwada, tsaf. Na biyu, tsaf. Duka huɗun, kowanne shi kaɗai, babu laifi. Na haɗa su huɗu, bayan kamar awa ɗaya jajayen layuka suka fara zubowa. Na goge haƙoransu da kilina, na sauya musu gurbi, na busa ramukan, duk a banza. Na kai ga cewa ko dai bod ɗin ne ya zo da lahani, ko ram ɗin ba sa jituwa, sai an mayar Legas. Wannan kuwa aikin watanni ne, ga kaset suna ta daɗa lalacewa a cikin zafi.

Ranar Juma'a na je Babura gaida Baba Tanko, kamar yadda na saba. Lokacin ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma kullum yana rumfa. Bayan gaisuwa na ba shi labari, don kawai in sauke abin da ke raina, don na san bai taɓa buɗe kwamfuta ba. Ya saurara har na gama, ya ce, "Gobe ka zo da ita."

Na ɗaure ta a bayan babur cikin bargo na kai. Muka jawo wuta daga janareton wani maƙwabcinsa mai cajin waya. Na buɗe murfin, Baba ya sunkuya yana kallo kamar mai duba rijiya. Ya nuna jajayen ram ɗin da sukundireba.

"Su ne masu rigimar?"

"Su ne, Baba."

"Nawa suke ci?"

"Ci kamar yaya, Baba?"

"Wuta mana. Duk abin da ke cikin akwatin nan wuta yake ci. Wanda ya ƙera su bai rubuta musu abincinsu ba?"

Na zare ɗaya. A gefen rigar ƙarfen akwai 'yar takarda da na sha kallo, amma girma da gudu kawai nake karantawa. Baba ya miƙo mini gilashin da yake duba ƙananan rubutu da shi. Can ƙarshen layi, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta ƙarfin wutar da suke ci, bolt biyu da ɗigo ɗaya.

"To nawa ake ba su?"

"Bod ɗin ne yake zaɓa da kansa, Baba."

"Ban tambaye ka wa yake zaɓa ba. Nawa ake ba su?"

Ban taɓa aunawa ba. Ya jawo mitarsa mai allura daga cikin tsumman da yake naɗe ta. Ya sa na kunna injin, ya bi layin wutar da ke shiga gurbin ram da ido da yatsa, har ya tsaya a kan ƙafar wani ɗan naɗin waya da ke kusa. Ya ce in ɗora baƙar waya a jikin akwati, ja kuma a nan, kuma in riƙe hannuna kada ya zame. Allura ta tashi ta tsaya a ɗaya da ɗigo takwas.

Baba ya koma ya jingina. "Ka sa su gudu, ka hana su abinci. Ka manta rediyo mai raunin batir? In ka bar ta ƙasa-ƙasa sai ta yini tana magana. Ɗaga murya ka ji yadda za ta shaƙe. Ɗaya shi kaɗai yana lallaɓawa. Su huɗu, ga zafin rana, ga aiki mai nauyi, dole wani ya yi tuntuɓe."

Ashe ɗaya da ɗigo takwas ɗin shi ne abin da bod yake ba kowane ram na wannan zamanin, kuma ya ishe su a gudun da ya ajiye su tun farko. Ni na ɗaga gudun ban ɗaga wutar ba. Babu abin da ya zo da lahani daga Legas. Laifin na hannuna ne.

Nan take na shiga bayos zan kai wutar biyu da ɗigo ɗaya. Baba ya riƙe mini hannu. "Taki ɗaya. Ka rubuta, ka gwada, sannan ka ƙara." Kwana huɗu na yi a Babura a kan wannan. A ɗaya da ɗigo tara, jan layi ya fito bayan awa ɗaya da rabi. A biyu cif, sai da aka yi awa uku. A biyu da ɗigo ɗaya, muka kunna da hantsi, aka yi azahar babu komai, ana kiran la'asar sai ga jan layi guda ɗaya tak.

Na ce, "Baba, saura ƙiris. In ƙara taki ɗaya ya wuce."

Ya ɗora bayan yatsansa a jikin ram, ya ce in taɓa. Na taɓa na janye hannu.

"Mai su ya rubuta iyakarsu," ya ce. "In ka wuce, yau za su yi maka biyayya, bayan wata shida su mutu a hannun bawan Allah, kai kana Kazaure. Bar wutar a nan. Rage musu gudu."

Na rage gudun taki ɗaya. Baba ya tono wata 'yar fanka daga cikin tarkacensa, muka ɗaure ta da waya tana busa kan ram ɗin kai tsaye. Yini biyu gwajin yana tafiya, a tsakiyar zafin bazara, ko ɗigon ja bai fito ba. Abin da aka rasa na gudu kuwa, mai aiki da injin ba zai taɓa lura ba.

Ram ɗin yanzu ba irin na wancan lokacin ba ne, wutar da suke ci ta ragu sosai, lambar da ta gyara wancan injin za ta ƙona na yau. Don haka kada wani ya haddace lambobina. Ku karanta takardar da ke jikin abin da ke hannunku, ku auna abin da ake ba shi, ku canza abu ɗaya, ku jira. Jiran nan shi ne aikin, kuma shi ne ba a koya a sati biyu.

Na kira Malam Hashimu na ce na san ciwon. Ya ce wa ya gano, na gaya masa gaskiya. Ya ce to lallai in zo masa da wannan dattijo. Baba ya yi ta noƙewa, daga baya ya sa sabuwar riga, ya naɗe mitarsa, muka shiga mota zuwa Roni.

A ɗakin karatun na yi wa Malam bayani tun daga farko, na ce, "Allah gafarta Malam, ni na jawo. Kaset ɗin maƙerin nan a wuyana yake." Ya ce, "Allah ya riga ya ƙaddara, kuma ka zo ka faɗa da bakinka." Ya buɗe littafinsa ya rubuta saitin, lamba da lamba, ya sa na duba ko ya kwafa daidai.

Zai saka kaset kenan Baba ya ce a dakata. Ya jawo rikodar ya kwance bayanta. "Injin ya warke, amma wannan ce ta ci zaren." Ya nuna mana 'yar tayar robar da ke jan zare, ta yi ƙyalli ta taurare, bel ɗin kuma ya saki. Ya laluba aljihu ya fito da bel, ashe tun daga Babura ya taho da shi. Ya goge tayar da kan da ke karanta zaren da auduga, ya ɗiga mai a inda ya dace, ya rufe. Malam ya saka kaset na wasu mata masu waƙar niƙa. Fuska ta farko ta ƙare, aka juya, ta biyu ta ƙare, aka adana. Daga ranar injin nan bai sake mutuwa ba har Malam ya kwashe akwatinsa kaf, aikin da ya ci masa kusan shekara.

Bayan mun ci abinci, Malam Hashimu ya jona makirfo ya ajiye a gaban Baba.

"Malam Tanko, saura kai."

"Ni kuma? Ni me na sani? Gyaran rediyo ne kawai."

"Shi nake so. Wa ya koya maka? Wace rediyo ka fara buɗewa?"

Baba ya ce shi ba ya iya magana a gaban na'ura. Malam bai matsa ba, sai ya tambaye shi ko gaskiya ne rediyon da can sai ta yi zafi kafin ta yi magana. Baba ya ce ai wannan mai kwalba kenan, ya gyara zama. Daga nan bai tsaya ba sai da aka yi kusan awa biyu. Ya faɗi yadda ya koyi aiki wurin wani mai gyaran agogo, da yadda mutanen ƙauye suke taruwa a rumfarsa jin labarai, da ranar da ya yi tafiyar yini guda don neman ƙwaya ɗaya ta gyara. Shekara bakwai na zauna da mutumin nan, rabin abin da ya faɗa ban taɓa ji ba.

Baba ya rasu bayan damina biyu. Malam Hashimu ya aiko mini da muryar a faifai, tana nan a shago, duk mai so ya zo in kunna masa. A ƙarshenta za ku ji ya kai ƙarshen labarinsa, sannan ya ce, "Ta ɗauka?" Za ku ji na ce, "Ta ɗauka, Baba." Sai ya ce, "To kafin ka kashe, sa hannu ka taɓa mini ram ɗin nan, in ji ko sun yi zafi."